Dutse na Talatin

A shekarar 1975 Ambrose ya fara haɗuwa da Musiliu, wata ranar Talata cikin watan Yuni, a bakin Kantin Kwari, ana tsuga ruwa. Ambrose yana ɗan shekara ashirin da biyu a lokacin, yana auna yadi a kantin wani attajiri. Abu biyu ya fito da su daga makarantar mishan: kyakkyawan rubutu, da ɗabi'ar duba agogo ko da babu inda za shi. Igiyar takalminsa ce ta tsinke a cikin taɓo, ya raɓe ƙarƙashin wata rumfa, ya tarar da wani saurayi Bayarabe zaune gaban akwatin katako, da basilla da zare da guntayen taya. Saurayin bai dubi fuskarsa ba, ƙafarsa ya duba.

"Da gefen ƙafar hagu kake taka ƙasa," ya ce. "Takalmin ba shi da laifi, kai ne mai laifi."

Ambrose ya ce gyara ya kawo, ba wa'azi ya zo ji ba. Saurayin ya ɗago, ya ga farar riga da ɗan gicciye a wuya, ya ce, "Yi haƙuri, Fada." Ambrose ya dubi carbin da ke rataye jikin akwatin, ya ce, "Ba komai, Alfa." Sunayen nan biyu suka bi su har tsufa, alhali wannan ba limamin coci ba ne, wancan kuma ba malami ba ne.

Musiliu mutumin Offa ne. Jirgin ƙasa ya sauke shi a Kano yana matashi, ya kama ɗaki a Kwaciri, a nan ya auri Ramota, a nan ya tsufa. Sau uku aka tashi rumfarsa cikin shekara kusan hamsin, amma bai taɓa matsawa fiye da taku ɗari ba. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya riƙe fuska. Da ƙafa yake gane mutane. Idan ya juya takalmi ya dubi yadda tafin ya cinye, zai gaya maka ko mai shi dako yake yi ko zaman kanti, ko ya yi jinya, ko ya fara ƙiba. An ce ya taɓa yi wa wani ɗan kasuwa barka da juna biyun matarsa tun kafin mijin ya sani. Shi ne kuma mai buɗe ƙofar ɗan masallacin layinsu da asuba, don barcinsa bai taɓa kaiwa ƙarfe huɗu ba.

A 1981 babur ya buge shi ya karya masa cinya, aka kwantar da shi a gidan wani maɗori a Fagge. Yana kwance wasiƙa ta zo daga Offa: ciwon mahaifiyarsa ya tsananta, kuma ta ce ba ta son a rufe ta da ƙyallen da baƙo ya saya, ɗanta take so ya kawo mata likkafani daga Kano. Musiliu ya juya fuska bango. Ambrose bai yi shawara da shi ba. Ya tambayi wani malami yadi nawa ake bukata ga mace, ya yanka alawayyo da hannunsa, ya nemi izini a kanti, ya hau jirgi. Tsohuwar ta shafa yadin, ta tambayi wane ne wannan mai gicciye. Ya ce mata, "Aike ne, Mama." Bayan kwana biyar ta cika.

Da Ambrose ya dawo, Musiliu ya ce, "Na gode, Fada." Sai ya dubi ƙafarsa ya ƙara da cewa dunduniyar takalmin ta cinye, ya bari a nan. Bai sake tada maganar ba ko sau ɗaya. Wannan ya ɗan sosa wa Ambrose rai, don a makarantar mishan an koya masa cewa godiya tana da tsawo.

Labarin dutse kuwa ya faro ne a 1994. Nkechi, 'yar Ambrose ɗaya tilo, tana shekara shida, sanƙarau ya kama ta. Kwana tara ba ta san wanda ke kanta ba. Ambrose ya durƙusa a barandar asibiti ya yi bakance: in yarinyar nan ta tashi, zai yi ziyarar Tudun Marke a ƙafa shekara talatin a jere. Ta tashi.

Tudun Marke wani ƙauye ne kudu da Kano, mai ɗan coci na laka da gicciyen ƙarfe a kan tudu. Duk watan Oktoba 'yan cocinsu na Sabon Gari sukan tafi can a ƙafa, tafiyar kwana biyu. Sukan tashi ƙarfe huɗu na asuba daidai, ba a jiran kowa, su kwana a wata makarantar firamare a hanya, su dawo a babbar mota. Al'adar ita ce kowa ya ɗauki ɗan dutse daga ƙofar gidansa ya ajiye a gindin gicciyen. Ambrose yakan rubuta wa nasa lamba da farin fenti, ya jera su gefe guda. Ko shekarar da annoba ta sa aka rufe gari, da aka sassauta ya tafi shi da mutum uku.

Tafiyar ba ta taɓa ba shi wuya ba. Daren tafiyar ne matsala. Ɗoki yakan kama shi kamar zazzaɓi. Ya ɗaure jaka ya kwance, ya gwada takalmi, ya zagaya tsakar gida, ya duba agogo, ya juya dutsen a hannu. Shekarar farko bai runtsa ba, kuma kafin azahar ya yanke jiki a gefen titi, sai da aka yayyafa masa ruwa.

A shekara ta biyu Musiliu ya zo gidan bayan sallar isha, da daro a hannu.

"Kawo takalmin," ya ce.

"Ai jiya ka gyara su."

"Ba gyara zan yi ba. Ƙafa in ta san takalmi na kusa ba ta kwanciya. Kawo agogon ma. Da dutsen."

"Alfa, in na makara fa?"

"Ni na taɓa makara? Uku da rabi zan buga maka ƙofa da takalminka. Kafin nan ba ka da takalmi, ba ka da lokaci, ba ka da saƙo. Mutumin da ba shi da waɗannan, me ya rage masa in ba barci ba?"

Ya zuba ruwan ɗumi da gishiri a daro, ya sa Ambrose ya tsoma ƙafa, ya goge, ya shafa musu man kaɗe. Sannan ya sa shi ya kwanta, ya ja kujera, ya fara ba shi labarin hanyar da shi kansa bai taɓa bi ba, a hankali, kamar mai karanta wa yaro allo.

"Ka bar Sabon Gari, ka wuce Na'ibawa gari bai waye ba. Sai gadar Tamburawa. Daga nan sai kukar mai fura, sannan rijiya."

"Rijiya tukuna, sannan kuka."

"To, rijiya, sannan kuka. Sai ka saki kwalta ka yi hagu."

"Dama, Alfa. Dama! Hagu ai sai ka faɗa fadama."

Da gangan yake kuskuren, don ya san Ambrose ba ya iya jin kuskure ya ƙyale. Hankalin da ke tsalle-tsalle sai ya dawo kan hanya ɗaya yana gyara, taku bayan taku. Gyaran yakan fara da ƙarfi, ya koma gunaguni, ya koma numfashi. In Musiliu ya ce makarantar da ake kwana tana da aji goma sha biyu bai ji an ce masa shida ba, sai ya naɗe takalmi da agogo da dutse a buhunsa ya ja ƙofa. Uku da rabi kuwa, ƙwan ƙwan ƙwan, tafin takalmi a jikin ƙofa.

Haka suka yi shekara ashirin da takwas. Matar Ambrose, Nneka, takan ce ta auri mutumin da sai baduku ya yi masa tatsuniya yake barci. Ta rasu a shekarar ziyara ta goma sha tara, al'adar ba ta fasa ba.

Shekarar 2023 ita ce ta talatin. Ambrose ya cika saba'in, ciwon suga ya kama shi, amma yana jin ƙarfinsa. Tun watan Agusta yake atisaye, daga Sabon Gari zuwa Kwari a ƙafa, safe da yamma. Ya zaɓi dutse mai santsi, ya rubuta lambar sau biyu don fentin ya kama. Ya gaya wa kowa a coci. Matasa suka ce shi zai shige gaba riƙe da tuta.

Daren ya zo, Musiliu ya zo da daronsa. Ya karɓi takalman, ya juya su kamar kullum, ya leƙa cikin na hagu, ya ɗan daɗe. Da ya zo shafa mai, ya ɗaga ƙafar hagun kusa da fitila, ya danna da babban yatsa.

"Ka ji zafi?"

"Zafin me? Ƙafar nan kamar ta ɗan shekara ashirin."

"Haka ne," in ji Musiliu.

Ya fara labarin hanya. Ambrose ya lura a daren nan kurakuran sun yi yawa, kuma muryar ta fi kullum taushi. Ya gyara rijiya, ya gyara kwana, ya gyara sunan mai fura. Bai taɓa samun barci mai daɗin na ranar ba.

Hasken rana ne ya tashe shi. Ya ji mai ƙosai tana kiran ciniki a layi, ya ji ƙarar Keke Napep. Ya lalubi agogo, babu. Ya fito tsakar gida ba takalmi, maƙwabciya ta ce masa bakwai ta wuce. Ya fita titi haka nan da zanen barci, ya nufi coci, ya tarar da harabar wayam, sai mai gadi yana shara. Mai gadin ya ce sun jira shi minti goma, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba.

Da farko tsoro ya ji, don a ganinsa mutuwa ce kaɗai za ta hana Alfa buga ƙofa. Ya aika Kwaciri. Ramota ta ce lafiyarsa ƙalau, ya buɗe masallaci kamar kullum, ya yi salla, ya ɗauki buhunsa ya ce zai yi 'yar tafiya. Sai tsoron ya juye ya zama fushi. Ashe mutumin ya tashi. Ashe ya ga uku da rabi ta yi, ya bar ta ta wuce.

Ya nemi wani takalmi ya ce zai bi su, Nkechi ta iso ta tsaya a bakin ƙofa. Wani ya bar mata saƙo da sassafe cewa ta duba tafin ƙafar babanta ta hagu. Ta duba, ta fashe da kuka. Akwai rami ƙarƙashin babban yatsa, ya fara baƙi, shi kuwa bai taɓa jin sa ba. Ranar a asibiti ya kwana.

Kwana biyar rumfar Musiliu tana rufe. A rana ta tara Ambrose ya sa aka kai shi, ƙafa a naɗe. Ya tarar da shi zaune, ƙafafunsa a ƙarƙashin tebur. Bai miƙe ba, bai jawo masa benci ba kamar yadda ya saba.

"Sannu da zuwa, Fada."

"Kada ka ƙara kira na da wannan sunan. Me ya sa?"

"Akwai jini a cikin takalminka. Tsoho da sabo. Ƙafar da ke zubar da jini mai ita bai sani ba, in ta yi kwana biyu a hanya, a asibiti ake barin ta."

"Ƙafata ce ko taka?"

"Taka ce."

"Alkawarina ne ko naka?"

"Naka ne."

"To me ya hana ka faɗa mini a fuskata?"

"Da na faɗa, da ka ƙwace takalminka ka kwana a ƙofar coci. Ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ya yi ba, wannan ya ƙara wa Ambrose zafi. Ya ce, "Ka wanke mini ƙafa. Ka shafa mini mai. Ka zauna kana lallaɓa ni kamar akuyar da za a yanka, ka san abin da ka ƙulla. Shekara ashirin da takwas ina miƙa maka takalmina ina rufe ido. Ba ni kayana."

Musiliu ya ciro agogon daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

"Takalmin fa?"

"Ba yanzu ba."

"Dutsen?"

Musiliu ya ci gaba da soka basilla. "Ba ya nan."

A nan ne Ambrose ya ji abin da ya fi makarar ciwo. Ya ce, "Ka jefar da shi. Dama can kallon mai bautar dutse kake yi mini, ko? Duk shekarun nan dariya kake a ciki." Musiliu ya ɗago ya dube shi a fuska, abin da ba ya yi, ya buɗe baki, sai kuma ya mayar da kai kan aikinsa. Ambrose ya ɗauki agogonsa ya tafi.

Likita ya cire yatsa ɗaya, ya ce da an yi tafiyar da ƙafar ce gaba ɗaya, wataƙila har da mai ita. Nkechi ta yi ta maimaita masa wannan. "Baba, Baba Musiliu fa ceton ka ya yi." Shi kuwa yakan ce wanda ya cece ka da yaudara ya nuna maka cewa ya iya yaudara. Limamin cocinsu ya ce masa Allah ba ya kama mara lafiya da bakance. Ambrose ya ce shi talatin ya faɗa, ba ashirin da tara ba, kuma a jere ya faɗa.

Ya canja hanya don kada ya bi ta gaban rumfar. Ya kai takalmansa wurin wani baduku a Kasuwar Sabon Gari, wanda ya yi masa tafi daidai wa daida, bai san da gefen hagu yake takawa ba. Barci ya ƙaurace masa. In ya kwanta ya fara bin hanyar a ransa, babu mai kuskure, babu abin gyarawa, sai ya kai har Tudun Marke ido biyu.

Cikin azumin da ya biyo baya, wata Laraba, Musiliu bai buɗe masallaci ba. Kafin labari ya iso Sabon Gari an kai shi makwanci. Ambrose ya je gaisuwa Kwaciri ran uku, ya zauna a tabarma cikin mutane, ya rasa ko kuka zai yi ko faɗa. Da zai tafi, Ramota ta aiko masa da ƙunshi daga ɗakin takaba, ta ce marigayi ya ce a ba Baban Nkechi.

Takalmansa ne. An wanke jinin, amma tafin ya cinye, igiya ɗaya an sake ɗinke ta da zaren da ba irin na rumfa ba. Ambrose ya juya su yadda ya ga ana yi shekara da shekaru. Ba gefen hagu ne ya cinye ba, dunduniyar dama ce. Wani ya sa su. Ya ce a ransa, wato bai tsaya ga hana ni ba, har aron su ya bayar. Ya tura su ƙarƙashin gado.

Da Oktoba ta zagayo, Nkechi ta ce za ta kai shi a mota. Ya ƙi, ya ƙi, sannan ya yarda. Ya tsinci wani dutse a ƙofar gida, ya rubuta masa talatin, ko da yake a ganinsa dutsen da ya hau mota ba dutse ba ne. Suka wuce gadar Tamburawa, da rijiya, da kuka, cikin abin da bai kai awa biyu ba. Dawa ta yi kai a gonaki.

Gana, tsohon katikis, wato mai koyar da addini, wanda ke kula da ɗan cocin, ya tarye su a gindin tudu, ya riƙe masa hannu suka hau. Ambrose ya fara ba shi haƙurin rashin zuwansa bara. Gana ya ce ai saƙonsa ya iso.

"Wane saƙo?"

Gana ya nuna masa jerin duwatsunsa. Ɗaya, biyu, uku, fentin na farkon duk ya koɗe. Bayan ashirin da tara akwai dutse mai santsi, an rubuta lambarsa sau biyu.

"Wani dattijo Bayarabe ne ya kawo," in ji Gana. "Kwana ɗaya bayan motar mutanenku ta tafi. Kwana uku ya yi a hanya, ga shi yana ɗingisa ƙafar dama, ya ce tsohuwar karaya ce. Takalman sun yi masa yawa, ya cusa tsumma, ƙafafun duk sun fashe. Na ce ya aka yi ka gane hanya? Ya ce bai taɓa zuwa ba, amma an yi shekara ashirin da takwas ana gyara masa ita."

Ambrose ya tsura wa dutsen ido, Gana ya ci gaba.

"Bai hau tudun ba. A can ƙasa ya tsaya, ya nemi ruwa ya yi alwala, ya yi la'asar ƙarƙashin marken nan. Sannan ya ba ni dutsen, ya ce in sa shi bayan ashirin da tara, ya tsaya yana kallo har na sa. Ya ce mai shi mutum ne mai son lissafi ya cika, kuma takalminsa ne ya tako kowane taku, in za a karɓa a karɓa. Ya roƙe ni kada in aika da labari, don a masallacinsu za a yi surutu, a cocinku ma za a yi, mai dutsen kuma zai ce ba haka ake yi ba."

"Ai kuwa ba haka ake yi ba," in ji Ambrose. "Ba haka ake yi ba ko kaɗan."

Ya durƙusa da ƙyar, ya gyara wa dutsen zama don ya ɗan karkace daga layi. Sabon dutsen yana aljihunsa, bai fito da shi ba. Ya tambayi Gana ko mutumin ya faɗi sunansa.

Gana ya ce, "Na tambaye shi. Na ce, Baba, kai Musulmi, me ya kawo ka nan? Wa zan ce ya zo? Sai ya ce mini, 'Aike ne.'"